Nauyin tukunya da nauyin gas: wace hanya ta fi dacewa wajen gano matakin asali na metan a awon leza?

Wanda ya taɓa kai tukunyar gas ɗin girki wurin cikawa ya san cewa ana fara ɗora ta a kan sikeli babu komai a cikinta, domin kuɗin da zai biya na bambancin nauyi ne tsakanin tukunyar da ba kowa a ciki da wadda aka cika. Masu auna metan, wato gas mai kama wuta da ke ƙara ɗumamar duniya, da ke tsiyaya daga matatar mai ko babban jujin shara ta hanyar hasken leza suna fama da irin wannan lissafi, sai dai tasu tukunyar ita ce sararin samaniya kansa, wanda tun asali yake ɗauke da metan ko da babu wata masana'anta a kusa. Wannan adadin da ke cikin iskar wurin kafin ta ratsa ta kan majiyar da ake bincike, wato wurin da ke fitar da gas ɗin, shi nake kira matakin asali, kuma duk rahoton da ya ce wuri kaza yana fitar da kilo kaza na metan a awa guda ya dogara ne ga yadda aka gano shi aka cire.

A yau matsakaicin metan a iskar duniya ya haura kaso 1,900 cikin biliyan, abin da masana ke rubutawa ppb 1,900 ko ppm 1.9 (wato kaso 1.9 cikin miliyan), alhali kafin zamanin masana'antu bai wuce wajen ppb 720 ba. Adadin yana da ƙanƙanta a ido, amma a awon leza yana taruwa ne a tsawon hanyar da hasken ya bi. A ɗauka, a matsayin misali, cewa na'ura tana bi da haskenta tana share wani fili a tsaye mai faɗin mita 300 da tsayin mita 30, iska kuma tana kaɗawa mita 3 a daƙiƙa. Iskar da ke ratsa wannan fili ta kai kubik mita 27,000 a kowace daƙiƙa. Tunda ppm ɗaya na metan a yanayin zafi na yau da kullum yana daidai da kusan miligiram 0.66 a kubik mita, kuskuren ppm 0.1 kacal a matakin asali zai haifar da kusan kilo 6 na metan a awa guda, wanda ko dai babu shi aka ƙirƙira wa masana'antar, ko kuma akwai shi aka yafe mata. Ga wurin da ke fitar da ɗaruruwan kilo wannan ba abin damuwa ba ne, amma ga ƙaramar tashar gas yana iya zama duk abin da ake nema.

Na'urar da ake magana a kanta dangin rada ce, sai dai tana aiki da haske, shi ya sa ake kiranta laida. Nau'in da ke auna gas, wanda aka fi sani da DIAL, yana harba haske iri biyu masu kusancin tsawon zango: ɗaya metan yana shanye shi, ɗayan kuwa yana wucewa kusan ba tare da an taɓa shi ba. Ƙura da sauran ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska suna dawo da ɗan kaɗan daga kowane haske zuwa madubin hangen na'urar, kuma lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan da ya kai. Idan na'urar tana karanta sigina duk bayan nanosakan 25 (nanosakan kaso ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), to kowane karatu yana wakiltar mita 3.75 na hanya. Richard Schotland ne ya fara gwada dabarar a Amurka a tsakiyar shekarun 1960 domin auna tururin ruwa, jim kaɗan bayan Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960. Cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya, NPL, da ke Teddington, tana da irin wannan na'ura a cikin babbar mota, kuma ta shafe shekaru tana auna jujin shara da matatun mai da ita a Turai da Amurka. A 2022 Turai ta fitar da ƙa'idar EN 17628, wadda ta sanya DIAL cikin hanyoyin da aka amince da su wajen auna tsiyayar gas daga masana'antu.

Abin da na'urar ke bayarwa bayan an kwatanta hasken biyu shi ne jimillar metan da hasken ya ratsa daga bakin na'ura zuwa kowane nisa. Idan aka zana wannan a takarda, a wurin da iska take da tsabta za a ga layi yana hawa a miƙe sannu a hankali, kuma yawan hawan da yake yi a kowace mita shi ne matakin asali. Inda hasken ya ratsa jelar metan, wato zirin gas da iska ke ɗauke da shi daga majiya, layin yakan yi tsalle kamar matakala, sannan ya ci gaba da hawansa na da. Daga nan ne ta farko cikin hanyoyi huɗu na gano matakin asali ta samo tushe, wato a ɗauki sassan layin da babu jela a cikinsu, gabanta da bayanta, a lissafa hawansu.

Wannan hanya tana da wata fa'ida da hanyoyin da ke ɗauko adadi daga wata na'ura dabam ba su da ita, kuma a ganina ita ce mafi nauyin hujja a duk wannan kwatanci. Kafin na'ura ta mayar da raguwar haske zuwa adadin gas, sai an ba ta ƙimar yadda metan ke shanye hasken, kuma wannan ƙima tana motsawa da zafi, da matsin iska, da kuma ɗan gocewar da leza kan yi daga zangon da aka saita ta. A ce ƙimar ta kauce da kashi 5 cikin ɗari. Na'urar za ta ga matakin asali na ppm 2.0 a matsayin 2.1. Idan daga layinta aka ciro matakin asali, za a cire 2.1 daga 2.1, ragowar kuskuren kuma kashi 5 cikin ɗari ne na jelar kawai. Idan kuwa aka ɗauko ainihin 2.0 daga wata na'ura dabam, komai ingancinta, za a bar ppm 0.1 na ƙarya shimfiɗe a duk faɗin filin, wato kilo 6 ɗin nan da aka lissafa a sama. Abin ya yi daidai da a auna tukunya a sikelin wani shago, a auna ta cike a sikelin wani: duk saɓanin da ke tsakanin sikelin biyu a kan gas zai faɗa. Saboda haka adadin da ya fi kusa da gaskiya ba lallai ne ya zama wanda ya fi dacewa a cire ba.

Sai dai hanyar tana da nata rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Mitocin farko daga bakin na'ura ba su da amfani, domin a nan hasken bai gama shiga cikin da'irar da madubin ke gani ba. Can nesa kuma sigina tana raguwa da sauri, domin ƙarfin hasken da ke dawowa yana faɗuwa daidai da ninkin nisa a kansa, ga kuma abin da iska ke shanyewa a zuwa da dawowa, har ta kai hayaniyar na'ura, wato rawar da karatunta ke yi sama da ƙasa barkatai, ta rinjayi abin da ake nema. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne kawai ake da layin da za a dogara da shi, kuma idan jelar tana da faɗi, kamar yadda ta babban juji ke kasancewa, tana iya cinye mafi yawansa ta bar ɗan guntu. Mafi haɗari shi ne jelar da gefenta ya baje a hankali ba tare da iyaka bayyananna ba, domin mai lissafi zai ɗauki sashen da ke ɗauke da ɗan metan na majiyar a matsayin mai tsabta, matakin asali ya fito sama da yadda yake, a rage wa majiyar laifi. Maganin da aka saba amfani da shi shi ne a haɗa da layukan da aka harba sama sosai, waɗanda suka wuce ta kan jelar gaba ɗaya, amma wannan ma yana ɗauke da zaton cewa metan na sama daidai yake da na ƙasa, zaton da yakan tabbata da tsakar rana, ya ƙaryata da asuba.

A cikin wannan hanya ta farko akwai wani zaɓi na biyu da ya shafi lissafi, wanda sau da yawa ake wucewa ta kansa da gaggawa. Hanya mafi sauƙi ta zana miƙaƙƙen layi ta tsakiyar ɗigogi tana ɗaukar kowane ɗigo da daraja ɗaya, tana kuma zaton cewa kuskuren kowanne bai da alaƙa da na maƙwabcinsa. A siginar laida duka zaton biyu ba su tsaya ba. Ɗigon da ke nisan mita 600 ya fi na mita 150 hayaniya nesa ba kusa ba, don haka bai kamata a ba su murya ɗaya ba. Sannan kuskuren ɗigogin da ke jere yana tafiya tare, saboda na'urar karɓar haske ba ta mantawa da abin da ta gani nan take, saboda tacewar da ake yi wa sigina, kuma saboda ƙurar da ke iska tana iya sauyawa tsakanin harbin haske na farko da na biyu. Wanda ya yi watsi da wannan zai iya samun adadi mai kyau, amma iyakar kuskuren da zai rubuta a gefensa za ta fito ƙarama fiye da gaskiya, domin ya ƙirga ɗigo ɗari a matsayin shaidu ɗari alhali wataƙila shaidu goma ne ke maimaita maganar juna. Hanyar da ke ba kowane ɗigo nauyi gwargwadon tsabtarsa, ta kuma lissafa dangantakar da ke tsakanin maƙwabta, ta fi wahala domin sai an fara nazarin halin hayaniyar ita kanta, galibi daga ƙarshen siginar inda babu sauran hasken da ke dawowa. Idan awon na leƙen farko ne domin a gano inda gas ke tsiyaya, hanya mai sauƙi ta wadatar. Idan kuwa adadin zai shiga rahoton da hukuma za ta yanke hukunci a kansa, ban ga uzurin ƙin ɗaukar wahalar ba.

Akwai wata dabara da ke jan hankali saboda sauƙinta, wato a duba duk adadin da aka samu a ɗauki mafi ƙanƙanta, ko kuma kashi 5 cikin ɗari na ƙasa, a ce shi ne matakin asali. Tana aiki a na'urar da hayaniyarta ba ta kai ko ppb ɗaya ba, amma a laida ƙananan adadin galibi hayaniya ce ta jefa su ƙasa, don haka matakin zai fito ƙasa da gaskiya, a ƙara wa majiya abin da ba ta fitar ba.

Hanya ta biyu ita ce a kai na'urar ɓangaren da iska ke fitowa, a share fili a can kafin iskar ta isa majiyar, sannan a cire abin da aka samu daga na ɓangaren da iska ta nufa. Tana riƙe da fa'idar sikeli ɗaya, kuma tana amsa tambayar da hanya ta farko ba ta iya amsawa sosai: shin akwai wata majiya a bayan wannan da ke turo nata metan? A yankin da masana'antu suke manne da juna, ko jujin da ke kusa da fadama ko wurin tace ruwan ƙazanta, babu abin da zai maye gurbin wannan awo. Matsalarta lokaci ne. Tattara babbar mota, zagayawa da ita, da sake saita ta yana cin lokaci mai tsawo, kuma a wannan tsakanin sararin yana sauyawa. Da dare iskar da ke kusa da ƙasa takan kwanta ta daina cakuɗuwa da ta sama, metan ya taru a cikinta, har ya zarce na rana da ɗaruruwan ppb a birane da wurare masu dausayi. Da rana ta ɗaga kuma sai zafi ya motsa iskar, taruwar ta watse cikin 'yan sa'o'i. Awon da aka yi a ɓangare ɗaya da ƙarfe takwas na safe ba zai zama abin cirewa daga na ƙarfe goma sha ɗaya ba. Idan na'urar tana iya juya haskenta ta kai ɓangarorin biyu daga wuri guda, mafi yawan wannan matsala ta kau, kuma ya kamata a yi la'akari da haka tun lokacin zaɓen inda za a ajiye motar.

Hanya ta uku ita ce na'urar da ke zuƙar iska ta auna ta a cikin akwati. Mafi shahara a yau su ma da leza suke aiki, suna kulle haske tsakanin madubai yana kai da komo har ya yi tafiyar kilomitoci a cikin ɗan ƙaramin bututu, kuma kamfanin Picarro na daga cikin masu ƙera su. Ingancinsu ya wuce na laida da nisa: Hukumar Yanayi ta Duniya tana neman tashoshinta su yi daidai da juna cikin ppb 2 a awon metan, kuma waɗannan na'urori suna cimma hakan idan ana daidaita su da tukwanen gas da aka san adadinsu. Amma suna ba da labarin wuri ɗaya ne kawai, wato bakin bututun da ke zuƙar iska, wanda yawanci bai wuce 'yan mitoci daga ƙasa ba, alhali laida tana share fili har tsayin gine-gine da bututan hayaƙi. Ga kuma matsalar sikeli biyu da aka riga aka bayyana. Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki adadinta a cire kai tsaye, kuma kuskure ne mafi girma a tafi aiki ba tare da ita ba. Amfaninta biyu ne. Tana rubuta yadda matakin asali ke hawa da sauka minti bayan minti, wanda zai nuna sa'o'in da za a amince da awonsu da waɗanda za a zubar. Sannan da tsakar rana, lokacin da iska ta cakuɗu sosai, kwatanta adadinta da hawan layin laida yana tona ko ƙimar shanye hasken ta kauce, da kuma nawa ta kauce.

Hanya ta huɗu ita ce a ɗauko adadi daga tashoshin sa ido na duniya, irin su Mauna Loa a Hawai, inda Charles Keeling ya fara auna kabon dayoksaid a 1958, ko Mace Head a gaɓar yammacin Ailan, ko Cape Grim a Tasmaniya, ko Assekrem a duwatsun Hoggar na Aljeriya mai tsayin fiye da mita 2,700. Bayanansu kyauta ne kuma babu kamarsu a inganci, amma an gina su ne da gangan domin su guje wa abin da mai awon juji yake buƙatar sani. A Mace Head ana ware iskar da ta fito daga tekun Atilantika, a Cape Grim wadda ta fito daga tekun kudu, a Mauna Loa kuma ana tace sa'o'in da iska ke hawowa daga gangaren tsibirin. Ko tsakaninsu ma ba su daidaita ba, domin metan a can arewacin duniya ya fi na can kudu da sama da ppb 100, kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara tun 2007. Aikinsu a nan shi ne na bango: idan lissafin laida ya ba da matakin asali da ya yi ƙasa sosai da na tashar da nisanta daga ikwaita ya yi daidai da na wurin a wannan watan, to akwai matsala a na'ura ko a lissafi.

Tauraron ɗan'adam ma ba ya warware wannan. Na'urar TROPOMI da aka harba a Oktoban 2017 tana dogara da hasken rana, kowane ɗigonta kuma faɗinsa kilomitoci ne. Laidar da ke jiragen sama da taurari, kamar CHARM-F ta cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus da aka yi amfani da ita a kan mahaƙar kwal na Silesiya a Polan a 2018, ko wadda ke kan tauraron Daqi-1 na Sin tun Afrilun 2022 mai auna kabon dayoksaid, tana karɓar hasken da ya dawo daga doron ƙasa ne, don haka tana ba da matsakaicin ginshiƙin iska daga sama har ƙasa. Abin lura shi ne masu aiki da irin ta jirgi su ma daga gefunan layin da suka ratsa jela suke ciro matakin asali, wato hanya ta farko ce a fili mafi girma.

Wanda zai yi wannan aiki a yankin Sahel yana da ƙarin abu guda da zai lissafa, wato ƙurar hunturu da ke tasowa daga wurare irin kwarin Bodele a Chadi. Laidar metan ta ƙasa, irin ta NPL, tana aiki da haske mai tsawon zango wajen maikiromita 3.3 (maikiromita kaso ɗaya ne cikin miliyan na mita), wanda ƙwayoyin iska kansu ba sa dawo da shi sosai, don haka ƙura madaidaiciya taimako ce, tana ƙarfafa sigina. Idan ta yi kauri kuwa tana gajarta nisan da haske ke kaiwa, ta cinye sashen bayan jela da hanya ta farko ke buƙata, kuma idan tana zuwa a dunƙule-dunƙule tana ƙara hayaniyar da ke tafiya tare tsakanin ɗigogi. Ƙonewar daji a rani, da gonakin shinkafa da garken shanu a ɓangaren da iska ke fitowa, duk suna ɗaga matakin wurin sama da na Assekrem, abin da ke ƙara wa awon ɓangaren fitowar iska muhimmanci a can.

Zaɓin, a ƙarshe, yana bin siffar wurin. Ga majiya guda mai siririyar jela a fili buɗaɗɗe, kamar tashar matsa gas da ke nesa da gari, sassan layin laida masu tsabta sun isa su zama abin cirewa, tare da lissafin da ke mutunta halin hayaniya, da akwatin zuƙar iska a gefe yana tsaron lokaci. Ga babban juji, inda jela ke cika mafi yawan layi, sai a jingina ga layukan da suka wuce ta sama da kuma sharar ɓangaren fitowar iska, a kuma taƙaita awo ga sa'o'in da akwatin ya nuna matakin ya daidaita, galibi daga hantsi zuwa la'asar. Ga matatar da ke tsakiyar wasu masana'antu, sharar ɓangaren fitowar iska ita ce kan gaba, kuma a maimaita ta duk lokacin da iska ta juya. Hukumar da ba ta da laida, wadda za ta ɗauki hayar masu ita, tana iya neman a rubuta mata a rahoto mitocin layin da aka ɗauka a matsayin masu tsabta, da sa'ar da aka yi kowace shara, da adadin da akwatin zuƙar iska ya nuna a daidai wannan sa'a, da kuma kilo nawa a awa sakamakon zai motsa idan matakin asali ya ƙaru ko ya ragu da ppm 0.05.